Palliative: Rufin Asiri Ne Ko Rufa-rufa?

Shekarun baya, in ka ji kalmar palliative a Najeriya, to daga bakin likita ta fito, ko malamar jinya mai kula da masu ciwon daji. Sai kuma jefi-jefi a jaridun Turanci, duk lokacin da gwamnati ta ƙara kuɗin fetur tana neman abin lallashin ƙungiyar ƙwadago. Yau kuwa mai kayan miya ya san ta, ɗan acaɓa ya san ta, gyatumar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san ta, ta kuma san shinkafa ake nufi. Gidajen rediyonmu suka fassara ta da "tallafin rage raɗaɗi", muka karɓa hannu bibbiyu. Ni dai kalmar nan ta tsaya mini a rai, domin ma'anoninta sun fi ɗaya, kuma wadda mahukuntanmu ke aiki da ita ita ce mafi muni a cikinsu.

Asalinta daga Latin ne. Rumawa suna kiran mayafin da Girkawa ke yafawa pallium, wani faffaɗan ƙyalle da namiji ke naɗawa a jiki ya rataya gefensa a kafaɗa. Daga nan aka sami palliare, wato a lulluɓe abu da mayafi. Kalmar ta bi ta hannun likitocin Turai masu rubutu da Latin da Faransanci, ta shiga Turanci wajen ƙarni na 15. Har gobe mayafin na asali bai ɓace ba. Akwai wani siririn farin ƙyalle na gashin tumaki da Paparoma ke bai wa manyan bishop-bishop su rataya a kafaɗa, sunansa pallium. Haka ƙyallen da Turawa ke shimfiɗawa a kan akwatin gawa, pall suke ce masa, tushensu ɗaya.

Da ta zauna a Turanci sai ta yi reshe biyu. A wajen likitoci, magani ne da ke kwantar da zafin ciwo ba tare da ya taɓa tushen cutar ba. A maganar yau da kullum kuma, musamman a bakin lauyoyi da masu wa'azi, 'yar'uwarta palliate na nufin a yi wa laifi kwaskwarima, a nemo masa uzuri, a rage masa muni a idon jama'a. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan rabuwar. Daga "rufe" muka sami rufin asiri, abin da kowa ke roƙon Allah ya yi masa, wanda maƙwabci na gari ke yi wa maƙwabcinsa in ya aiko masa da kwanon hatsi da daddare don kada kowa ya gani. Daga "rufe" ɗin dai muka sami rufa-rufa, abin da ma'aji ke yi ranar da masu binciken kuɗi za su zo. Aikin duka lulluɓewa ne, bambancin yana ga abin da aka lulluɓe da wanda aka yi domin shi.

Shekaru aru-aru likitocin Turai ba su ɗauki reshen farko da daraja ba. A ganinsu aikin wanda ya gaza ne, abin da ake yi bayan an ɗaga hannu. Wata 'yar Ingila mai suna Cicely Saunders ce ta sauya wannan tunani. Ta fara da aikin jinya, ta koma aikin jin daɗin marasa lafiya, sannan ta karanta likitanci ta gama a 1957. Abin da ta gani a asibitoci shi ne ana barin mai ciwon daji sai zafi ya kai shi ga ihu kafin a yi masa allura, in ta sake shi a sake jiran wani ihun. Ta ce ba haka za a yi ba. A riƙa ba shi mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, da agogo, bayan kowane 'yan awoyi ƙayyadaddu, gwargwadon da aka auna masa, kafin zafin ya dawo. Ta kuma koyar da cewa ciwon mutum bai tsaya a jikinsa ba, akwai tsoro, akwai tunanin yaran da zai bari, akwai bashin da ke kansa, akwai tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma duk aikin masu jinya ne su kula da su. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a kan wannan tsari.

Wani likitan tiyata ɗan Kanada, Balfour Mount, ya je ya ga aikinta, ya koma birnin Montreal ya buɗe sashe irinsa a asibitin Royal Victoria a 1975. Shi ne ya laƙaba wa fannin sunan da ake kiransa da shi yau, wato palliative care. Dalilinsa kuwa, kalmar hospice da Ingilawa ke kiran irin gidan Saunders da ita, a kunnen masu jin Faransanci na lardin Quebec tana nufin gidan gajiyayyu da marasa galihu, shi kuma ba ya son majinyatansa su ji kamar an jefar da su. Ka ga ke nan don kare mutuncin mara lafiya aka ɗauko kalmar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara fayyace ta a 2002, ta ce irin wannan kulawa tun farkon ciwo ake fara ta, tare take tafiya da sauran magungunan da ake fatan su tsawaita rai. Ba a ce a ajiye neman waraka don ana rage zafi ba.

To, mu dawo gida. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Legas da Ogun da Abuja saboda korona, Kano ta biyo baya a watan Afrilu. Mutanen da sai sun fita suke samun na cefane aka ce su zauna a ɗaka, aka yi musu alkawarin abinci. Manyan 'yan kasuwa da bankuna suka haɗu a ƙarƙashin CACOVID suka tara biliyoyin naira, aka sayi shinkafa da taliya da sukari da gari aka miƙa wa jihohi. A watan Oktoba na shekarar, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Yola da Jalingo da Kalaba da Gwagwalada, suka tarar da kayan jibge, watanni bayan an buɗe gari. Duk wanda ya ga hotunan rumbun Bukuru, mutane sun haye rufin kwano suna yaye shi suna jeho buhuna ƙasa, ba zai manta ba. Ƙungiyar gwamnoni ta ce an adana wani kaso ne saboda tsoron dawowar cutar karo na biyu. Ban yarda da fasa rumbu ba, an kuma rasa rayuka a ciki. Amma ban san wani uzuri da zai gamsar da uwar da ta kwana tana dafa ruwa don yara su ɗauka abinci ne, alhali abincin da aka saya da sunanta yana kulle a bayan unguwarsu.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma zarce 1,000 a watan Oktoba na 2024. Hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Daga nan kalmar ta zama abincin kowace sanarwa. An fara da naira 8,000 a wata ga gidaje miliyan 12, jama'a suka yi ca, aka janye. Aka dawo da naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15. Aka ce kowace jiha za ta sami biliyan 5. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, biyan kuɗin ya tsaya cak na wani lokaci, talakan da ke jira ya ci gaba da jira.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ce ta aika wa kowace jiha tirela 20 na shinkafa, kowace tirela buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 ke nan, tan 600. Ɗauki jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Kowace mazaɓa za ta tashi da buhu kusan 50. In kuma ka raba wa mutum miliyan 9.4 da ƙidayar 2006 ta ba jihar, ba ma yawanta na yanzu ba, kowa bai kai giram 70 ba, abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Kuma tirela 20 ɗin nan ita aka ba Bayelsa, wadda waccan ƙidayar ta ce mutanenta miliyan 1.7 ne. Wanda ya tsara wannan rabo ba yunwar mutane ya auna ba, gwamnoni ya ƙirga. Likitan da zai ba jariri da ƙato awon magani ɗaya, sau ɗaya a shekara, hukumar likitoci za ta karɓe masa lasisi.

Na tsaya a wajen irin wannan rabo a filin wata makarantar firamare. Tun bayan asuba mata suka yi layi, wasu da goyo, kowace riƙe da 'yar takardar da wani ɗan siyasar unguwa ya rubuta wa lamba. Babu rumfa, babu ruwan sha. Sai da rana ta take manyan baƙi suka iso, aka jera buhuna goma masu ɗauke da hoton mai girma, aka zaɓo tsofaffi uku aka tsayar da su a gaban kyamara. Bayan motoci sun tashi aka farke buhunan, aka koma awo da kwano, gida huɗu buhu ɗaya a wani layin, a wani layin kuma 'yan sanda suka fara kaɗa bulala. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ɗaure nata a gefen hijabi, ta ce wa jikarta, "Mu je, 'yar nan, kuɗin motar da muka kashe ya fi wannan." Matar da take gefenta ba ta sami ko ƙwaya ba, don sunanta ba ya cikin takardar, kuma babu wanda zai gaya mata dalilin.

Wani lokaci abin ya wuce wulaƙanci ya kai ga makara. A Fabrairun 2024 mutum bakwai suka mutu a turmutsitsin sayen shinkafa mai rahusa da hukumar kwastam ta shirya a Yaba ta Legas. Wata guda bayan haka ɗalibai mata biyu suka rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wajen rabon shinkafar gwamnati. A Disambar shekarar, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, 10 a wata majami'a a Maitama. Na Disamba ba gwamnati ce ta shirya su ba, masu neman lada ne, amma yunwar da ta taro dubban mutane tun dare, da al'adar tara mabuƙata a fili ɗaya a buɗe musu ƙofa ɗaya, duk daga gindi ɗaya suka tsiro.

Na san abin da za a ce mini. Da babu gara ba daɗi, kuma mai jin yunwa ba zai jira a gyara tattalin arziki ba. Gaskiya ne, ni ma ban ce a daina ba mutane abinci ba. Ciyarwa tana cikin mafi girman ayyukan alheri a addininmu da al'adarmu. Sai dai mun gaji tsarin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Zakka tana da lokacinta sananne, tana da nisabi, an faɗi waɗanda za a ba, kuma haƙƙinsu ce, mai bayarwa ba alfarma ya yi musu ba. An hana a bi sadaka da gori. Malamai ma sun so a ba mutum abin da zai ja jari ya fita daga sahun masu karɓa. Duk sharuɗɗan da Saunders ta gindaya wa masu jinya, na lokaci da awo da mutunci, kakanninmu sun san irinsu a babin taimako. Saboda haka in na ce a yi rajistar mabuƙata ta gaskiya wadda kowa zai iya dubawa a ofishin mazaɓarsa, a sa ranar biya a kowane wata, kuɗi ya shiga hannun mace a gidanta ba tare da ta durƙusa wa kowa ba, ba wani baƙon abu na roƙa ba. Bankin Duniya ya ba Najeriya rancen dala miliyan 800 don irin wannan aiki. Bashi ne da jikokinmu za su biya, muna da ikon tambayar gida nawa ya shiga.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saƙon da kalmar ke ɗauke da shi a ɓoye. A tsohuwar ma'anarta ta likitanci, ana rage zafi ne a bar cutar, don cutar ta gagara. Talaucin Najeriya kuwa bai gagara ba. Hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin ɗari na su a Arewa. Kowa ya san musabbabin. Manomi a Zamfara da Katsina da Neja ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga. Taki ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka ɗauki dubban ma'aikata da yawansu sun zama kufai saboda rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri. Naira ta faɗi, komai da ake shigowa da shi ya ninka. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi shi tsada. Tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Ina kuɗin? Gwamnan da ya karɓi wannan ƙari, ya bar asibitin karkara ba nas, ya bar hanyar da ake fito da amfanin gona ta zama rami, sannan ya tara 'yan jarida su ɗauke shi yana miƙa wa gwauruwa taliya, ma'ana ta biyu yake aikatawa, wadda ake yafa wa laifi mayafi.

Akwai kuma waɗanda aka ƙwace wa kalmar, su ne ba a jin muryarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar rage zafin ciwo kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari kaɗai ke samu. Mafi yawan marasa samun suna ƙasashe irin namu. Na ga wata baiwar Allah a unguwarmu da sankarar mama ta ci ƙarfinta. Asibiti suka ce wa mijin, "Malam, ku koma gida a ci gaba da addu'a." Addu'a kam an yi, Allah ya karɓa. Amma an sallame ta da farasitamol, ciwon kuma ya kai inda ko zanen da ke jikinta ba ta son ya taɓa wurin. Maƙwabta suna jin nishinta ta katanga har asuba, 'ya'yanta mata suna yi mata fifita suna kuka, babu wanda ya koya musu yadda za su wanke gyambon ko su juya ta. Maganin da zai ba ta barci, ta yi sallama da iyalinta cikin hayyacinta, yana daga cikin magunguna mafi araha a duniya. A garin da matasa ke samun tramadol a kowane lungu, mofin na asibiti ne ya zama abin nema.

Ba sai mun je Landan neman misali ba. Dakta Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Uganda a 1993. Garin mofin suke saya su dama da ruwa su zuba a kwalabe, mara lafiya ya sha a gidansa da awo. A 2004 gwamnatin Uganda ta ba malaman jinya da aka horar izinin rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba, kuma kyauta ake ba majinyaci. A nan gida asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe irin wannan sashe tun 2007, wasu manyan asibitoci sun bi sahu, amma mutumin ƙauye a Jigawa ko Yobe bai san da zamansu ba. Kuɗin tirela ɗaya ta shinkafa zai horar da malaman jinya da dama a kan wannan aiki. Ban taɓa jin ɗan majalisar da ya sa shi a cikin ayyukan mazaɓarsa ba, wataƙila don mai jinyar ajali ba ya fitowa layin zaɓe.

Roƙona na kusa ga 'yan'uwana masu aikin jarida da gidajen rediyo ne, tunda ta bakinsu kalmar ta shiga gidajenmu. "Tallafin rage raɗaɗi" fassara ce mai daɗin ji, amma tana yanke hukuncin da ba a tabbatar ba, tana shaida wa mai sauraro cewa raɗaɗin ya ragu. In shinkafa aka raba, a ce an yi rabon shinkafa. A faɗi buhu nawa ne, kilo nawa, gida nawa ne a mazaɓar, wa ya rubuta sunayen, daga wane asusu kuɗin ya fito, yaushe za a sake. A koma unguwar bayan mako biyu a tambayi matan da suka yi layi kwana nawa abin ya yi musu. In kwamishina ya ce kayan suna rumbu, a nemi ya buɗe rumbun a gani, a kuma sa ranar da ya faɗa a cikin labarin domin a tuna masa in ta wuce.